Goggo Asabe da Tukwanen da Aka Yarda Mu Fasa

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Goggo Asabe, yayar mahaifina. Har yau in na yi tuntuɓe a ƙofar gidanmu na Kwamba sai na waiwaya, ko zan gan ta zaune a kan turmi tana dariya. Turmin kawai nake gani, da inuwar mangwaro, da hadarin da ke taruwa a kan Dutsen Zuma kamar mai shawarar ko ya sauko ko ya fasa.

Da za ta dawo yau, ban san ko za ta gane garin ba. Tun da gwamnati ta tare a Abuja, Suleja ta cika ta batse. Ɗakin da take ajiye kajinta yanzu wani ma'aikaci ne ke haya a ciki, da rediyonsa da takalmansa masu ƙyalli. 'Yan acaɓa kuwa, ko atishawa ka yi sai uku sun tsaya suna tambayar ina za ka. Ina jin Goggo sai ta kwana biyu a bakin titi kafin ta tsallaka, domin ni da ita Allah ya yi mu da jikin da ba ya jin aike.

Sunana Rakiya. Idona lafiya, kunnena lafiya, kaina kuma, ba yabon kai ba, yana ja. Amma in na aiki hannuna ya ɗauko kofi, sai ya biya ta kan miya, ya gaida buta, ya iso da rabin ruwan. Kofunan da na fasa kafin in shekara goma sun isa a shayar da unguwannin Kwamba da Wambai rana ɗaya. Rubutuna kuwa, malaminmu ya ce kamar kaji sun yi dambe a kan takarda. A gida a ce ganganci, a makaranta a ce lalaci, maƙwabta su ce aljanu.

Goggo ce kaɗai ba ta taɓa ce mini komai ba sai, "Zo nan, 'yata, irinmu ɗaya." Ta haura hamsin ba ta iya ɗaurin zane ya zauna ba, har ta sa tela ya yi wa zannuwanta zariya kamar wando. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tana da ƙawaye cikin matan Gwari masu ginin tukwane. Duk tukunyar da ta tsage a wuta, wadda ba mai saye, sai su ajiye mata. Ranar Juma'a bayan la'asar ta jera su a tsakar gida ta tara mu: ni, da Ngozi 'yar masu haya a gidanmu, da Malam Garba mai shago, wanda gemunsa ya fara furfura bai iya hawan keke ba. Kowa zai ɗauki tukunya daga gindin mangwaro zuwa bakin rijiya ya dawo. Doka ɗaya ce: in ta faɗi ba mai salati, ba mai tsaki. Wanda ya fasa zai zauna ya ba da labarin yadda aka yi.

"Goggo, ba ni ba ne," in ji Ngozi, "ƙafa ne ya yi tafiyarsa."

"To ai shi za mu yi wa shari'a. Garba, kai da taka ƙafar yaya kuke ƙarewa?"

A nan muka koyi abin da ba malamin da ya koya mana. Malam Garba ya ce in zai yi aiki yakan faɗa wa kansa a fili, ɗaya bayan ɗaya: kama, ɗaga, juya, taka. Ngozi ta nuna mini yadda take ɗaura jan zare a silifas na hagu. Ni kuma na gano in na naɗe fensir da robar tayar keke ya yi kauri, yakan daina zillewa. Nakan tuna yammacin nan kamar mafarki: rana ta yi ja, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tukunya ta tashi daga hannuna a hankali kamar za ta yi fiffike, ta sauka ta tarwatse, kuma ba wanda ya ɗaga murya.

Ina aji shida Baba ya yanke shawarar cire ni daga makaranta. Ba don ƙi ba. Ya gaji da ganin shatin bulala a hannuna.

"Yaya, in hannun ba na biro ba ne, a bar ta ta huta," ya ce.

Goggo ba ta yi gardama ba. Washegari ta ɗauko safar Baba ta zuwa Juma'a, ƙafa biyu, ta tasa shi gaba har ofishin hedimasta, ni ina biye. Bayan gaisuwa ta roƙi kowannensu ya zura hannunsa cikin safa ya rubuta sunansa. Suna kama biro ta hau tafi tana cewa, "Sauri! Sauri! Lokaci ya ƙare!" Sunan hedimasta ya fito kamar tsutsa ta sha rana. Na Baba ko fitowa bai yi ba, biron ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur.

"Ranka ya daɗe," in ji Goggo, "kai in ka gaji sai ka cire. Ita da tata safar aka haife ta."

Gani ya kori ji. Daga ranar aka ajiye mini bulala, aka riƙa ƙara mini lokaci in gama rubutu, Baba kuma ya sa sunana a jarrabawar shiga sakandare. Goggo ba ta ga sakamakon ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta a tsakiyar damina. Ranar da takardar ta zo, Baba ya karanta ta a tsaye, sannan ya ɗaga labulen ɗakinta ya shiga, ya sake karantawa da ƙarfi, ba kowa a ciki.

Bara wata nas mai aiki a Abuja ta kama haya kusa da mu. Ta ga yadda nake zuba shayi, ta yi mini tambayoyi, ta ce abin yana da suna a asibiti: disfiraksiya. Wai saƙon da kai ke aika wa gaɓoɓi ne ke cuɗewa a hanya, ba lalaci ba ne, ba kuma aljanu ba. Na so a ce Goggo ta ji. Na san cewa za ta yi, "Suna tsawon layin mai a gidan mai, duk don zane ya ƙi zama?" Amma da ta sa an rubuta mata shi a takarda, ta bi gida gida tana nunawa.

Goggo ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar ɗan cikinta ba. In na auna abin da ya rage nata, sai in ga taron Juma'a da bai mutu ba, ni da Ngozi muke riƙe da shi yanzu, muna aji biyar na sakandare. Sannu ba ta hana zuwa. Sai kuma Baba. Makon jiya ya ji wani bakanike a Wambai zai cire 'yarsa daga aji uku saboda rubutu. Baba, mutumin da ko sallama yakan yi ta a taƙaice, ya sa hula ya tafi da ƙafa. Ya daɗe. Da ya dawo ya zauna ya sha ruwa, ya dube ni.

"Ban iya magana kamar Yaya ba," ya ce. "Amma yarinyar za ta koma ranar Litinin."

Allah ya jiƙan Goggo Asabe, ya haskaka makwancinta.