Ƙarar Keken Mama

Yau da hantsi ina taka tsohon keken ɗinkin marigayiya Mama, ina haɗa ƙyallayen zannuwanta in yi bargo, sai ga ƙanwarta, Inna Hajara, daga Kurni. Ta tsaya bakin ƙofa, ta kasa shigowa.

Na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ci gaba da takawa, 'yar nan. Tun daga waje na jiyo, sai na ji kamar Yaya ce a ciki. Bar ni kaɗan a haka."

Zare ya ƙare, ban daina ba. Ta lumshe ido tana murmushi.

Dā na yi niyyar kyautar da keken. Na fasa.

Ku fa, wane sauti ke dawo muku da naku?