Gangaren Ƙofar Malam Alli

Ɗalibai suna kiransa Malam Alli, don ko ranar hutu ba a rasa garin alli a hannun rigarsa. Lissafi ya koyar har ya yi furfura, kuma babu darasin da yake so kamar na gangara. Sai ya yi ɗigo biyu a allo, ya ja layi ya haɗa su.

"Ku duba nawa layin ya hau, ku raba da nawa ya yi gaba. Abin da ya fito shi ne saurin canjin. Wanda bai gane ba ya miƙo hannu."

Ba tambaya yake nufi ba, bulala ce. Wanda ya fi kowa miƙo hannu kuwa ɗansa ne na fari, har yaron ya bar makaranta ya zama birkila.

Bayan ritaya, shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Malam a keken guragu. Ƙofar gidan matakala gare ta, sai ɗan ya zo da siminti ya zuba gangara. Malam ya leƙa, ya ga ta miƙe kamar tsani.

"Kai, hawan nan ya fi tafiyar yawa. Ja ta gaba ta kwanta."

"Baba, in na ja ta, kwata za ta shiga."

"To karkata ta jikin bango mana."

Birkilan ya ci gaba da wanke cokalin gininsa, bai ɗago ba. "Ai kai ka ce kaina ba ya ja. Iyakar abin da ya jawo ke nan."

Matar Malam ta gwada saukar da shi, gwiwoyinta suka ƙi. Wata safiya ya jiyo dariyar tsaransa a bencin mai aski, zuciya ta ɗebe shi, ya saki birki da hannunsa mai lafiya. Keken ya kwasa da gudu, ya kifar da shi a bakin kwata, haƙoran gaba suka zube. Mai askin ne ya cicciɓe shi zuwa ɗaki.

Ɗan ya zo da yamma, ya duba bakin uban, idonsa ya yi ja. Malam ya ɗauka gobe za a ga buhun siminti. Sarƙa aka kawo, aka ɗaure ƙafar keken a ƙarfen taga.

"Don lafiyarka ne, Baba."

Daga nan ta taga kawai Malam yake ganin titi. In mai aski ya ɗago masa hannu, yakan amsa da ka, baki a rufe.