Shafi Huɗun Ƙarshe na Littafin 'Yan Baka

Har yau ina tuna ranar da aka kira ni ofishin mudir, wato shugaban wurin aikinmu, a kan shafi huɗu. Wajajen 2015 ne, ina aikin duba fassara a wata maɗaba'a da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad. Ga wanda bai san aikin ba, idan mai fassara ya gama, ni ake ba Ingilishin da Larabcin in bi su layi-layi, in sa hannu, sannan a kai wa masu inji.

Littafin ƙagaggen labari ne na 'yan bakan Ingila, sojoji masu harbi da kwari da baka, a yaƙe-yaƙensu da Faransa a zamanin da. Ustaz Awad ne ya fassara shi, wani dattijo ɗan Sudan da ya daɗe a gidan. Ya taɓa fassara irinsa, har ya haddace yadda ake gina su. Tun muna babin farko ya ce mini, "Sani, jarumin ɗan talaka ne, za a ƙona ƙauyensu. Wani tsohon soja zai koya masa jan baka, ya mutu kafin ƙarshe. Babban maƙiyinsa kuma basarake ne a cikin rundunarsu. Kafin babban yaƙi sai an yi ruwa, ya ɓoye tsirkiyarsa a cikin hula." Duk haka aka yi.

Marubutan irin wannan littafi suna da wata al'ada. A ƙarshe sukan yi ɗan bayani, su raba abin da ke cikin tarihi da abin da suka ƙirƙira. A namu, marubucin ya amsa cewa jarumin bai taɓa rayuwa ba, kuma kisan gillar da ya ɗora wa Faransawa a babi na tara shi ya ƙaga shi don labari ya yi zafi.

Littafi kuwa malzama-malzama ake buga shi, wato babbar takarda ɗaya da ake naɗewa ta ba da shafi goma sha shida. Namu ya yi rarar shafi huɗu, ga baje kolin littattafai ya matso. Mudir Abu Fahad ya ce a cire bayanin ƙarshen.

"Ba mai karanta wannan," in ji shi. "Sa hannu."

Na ce wa mudir, "Ustaz, a bayan bango mun rubuta cewa daga tarihi aka ɗauko labarin. In aka cire, mai karatu zai ɗauka an yi kisan nan da gaske."

"Wa zai kai ƙara? Waɗanda suka mutu tun zamanin baka?"

Bai ɗaga murya ba. Ya dai tambaye ni yaushe iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare. Na ce saura wata biyu, na roƙi ya ba ni zuwa la'asar.

Na je wurin mai tsara shafi ko za a rage girman rubutu, ya ce aikin kwana uku ne, babu lokaci. Na dawo na gaya wa Ustaz Awad. Ya shanye shayinsa tukuna, sannan ya jawo gwajin bugun ya zare shafi huɗu daga gaba. Gabatarwarsa ce ta mai fassara, karo na farko da gidan ya yarda ya rubuta wani abu da sunansa.

Na ce, "Ustaz, ai ba ka ma son littafin."

"Ba na sonsa," ya ce. "Amma mutum ya shirya ƙarya tun daga farko, ya zo ƙarshe yana son ya faɗi gaskiya. Ba ni zan toshe masa baki ba."

Mudir ya ƙirga shafukan, ya ga sun yi daidai, ya ce, "Tayyib." Littafi ya fita a kan lokaci, aka sabunta iƙamata. Ustaz Awad ya yi ritaya a shekarar da ta biyo, ya koma gida, bai sake samun damar rubuta gabatarwa ba.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, ƙin sa hannu ba shi ne wahalar ba. An yi ta yaba mini a kan na tsaya, alhali ban rasa komai ba. Injin bugu shafi sha shida kawai ya sani, kuma duk shafin da ka hana a cire, na wani za a cire. Ka fara sanin na wane ne.