Takardun da Malama Rakiya ta bar mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shara wayata ta yi ƙara. Ƙanwar Malama Rakiya ce. Ta ce jiya da la'asar 'yan bindiga sun buɗe wa motarsu wuta a hanyar Tsafe, za ta gida gaida mahaifiyarta. Ba a kai da ita asibiti ba.

Har yanzu tsintsiyar na nan inda na yar da ita.

Ga waɗanda ba su san ta ba, abokiyar aikina ce a wata makarantar 'yan mata nan Gusau. Ita Hausa take koyarwa, ni addini. Tebur ɗaya muke zama a ofishin malamai.

Duk Litinin sai ta zo mini da fura daga Tsafe, tawa daban a ƙulle, ba sukari, don ta san ciwona. Lokacin da maigidana ya kwanta asibiti ita ta riƙe mini azuzuwana, ban ma roƙe ta ba.

Tana da wani aiki da take ba 'yan ajin ƙarshe. Sai ta fara da labarin kakarta ta Bungudu, wadda tana ƙarama, a wata shekarar yunwa bayan zuwan Turawa, ta ga maƙwabcinsu ya rotsa kan ɗan'uwansa kan damin gero ɗaya. Maƙwabcin nan kuwa shi ne ke goya ta a kafaɗa zuwa kasuwa. Sai ta ce wa yara, "To shi wannan mugu ne ko mai kirki? Kar ku ba ni amsa da baki. Kowace ta rubuto mini ranar da ita kanta ta cuci wanda ta fi ƙarfi, da abin da ta ji a ranta. Sannan mu yi maganar mutanen daji masu bindiga."

Na yi mata gardama kan wannan. Na ce Malama, abin da Allah Ya rufa wa bawa, bai kamata a sa shi ya tona ba.

Ta yi dariya ta ce, "Malama Asabe, ke dai da fatawa! To mi za mu yi? Ɗiyan nan da abin suke kwana, da shi suke tashi."

Amma ta ji maganata. Daga ranar ta hana rubuta suna. Ba maki, ba jan biro. Tambaya ɗaya take rubutawa da fensir a ƙasan kowace takarda, ta baje su a tebur, kowace yarinya ta gane rubutunta ta ɗauka.

Ranar Juma'a muka rabu a bakin ƙofar makaranta. Ta miƙo mini takardun a leda, ta ce ba ta son barin su a ofis kowa ya buɗa. Ta ce duk ta gama, saura ɗaya, ita ce a sama a ninke. Ta wata yarinya ce da aka kashe mahaifinta a gona. Ba ta bi tambayar ba, abin da take so ta yi wa waɗanda suka kashe shi ta rubuta.

"Ban san mi zan tambaye ta ba," in ji ta. "Bari in kwana biyu wajen Inna in yi tunani. Litinin insha Allahu."

Ta hau mashin, ta ɗago mini hannu.

Ɗazu na buɗe takardar. Allah Ya yafe mini, amana ce, ba zan faɗi abin da ke ciki ba. Abin da zan iya faɗa shi ne na karanta daga farko har ƙarshe ban ga layi ɗaya da zuciyata ta ƙi ba. Ni da nake koya musu haƙuri da yafiya. Na san ayoyin, tun ina riƙe da allo na haddace su. Yau na ɗauki fensir, hannuna ya ƙi.

Gobe Litinin. Kowace yarinya za ta ɗauki takardarta ta tarar da rubutun Malama a ƙasa. Ita kaɗai za ta juya tata ta ga ba komai.

Wallahi ban san me zan ce mata ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Rakiya, Ka yalwata mata kabarinta, Ka karɓe ta cikin shahidai. Ka ba Inna da yaran Rakiya dangana. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa, don mu ba mu da dabara.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ku sa yarinyar nan ma, Allah Ya san sunanta. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya ba ni abin da zan rubuta mata kafin gobe.