Nasrullahi, wanda ya hana ni mutuwa a kan lokaci

Daga Allah muke, kuma komawa gare shi ba fashi. Ranar Litinin, 14 ga Oktoba 2024, bayan la'asar, na sami labarin rasuwarka, Nasrullahi, a gidanka da ke Garwa. A bakin mai shayi na ji, domin ban da kai babu mai tako ƙofata.

Tare muka yi makaranta. Ni nake zuwa na ɗaya, kai na goma sha wani abu. Ni na ƙare ina rubuta wa mutane takardar ƙorafi a bakin kotu, kai ka tafi Yawunde kana ɗaukar hoton cikin jikin mutum. Sau ɗari ka yi mini bayanin aikin. A yi wa majiyyaci allura mai fitar da hasken da ido ba ya gani, na'ura ta kama shi. Wanda ya fito kai tsaye shi ke faɗin gaskiya. Wanda ya yi karo da ƙashi ko tsoka a hanya, ƙarfinsa ya ragu, ya karkace, sai ya iso yana nuna wurin da ba daga can ya taso ba. Shi ya sa ake tsuke wa na'urar ƙofa, kada raunanan su shiga. Kai kuwa tausayinsu kake ji. Ka kan ce su ma suna da labari, in an iya tambayarsu.

Ban damu ba sai shekara uku da suka wuce, da aka ɗauki nawa hoton. Likita ya ga tabo a ƙashin bayana, ya ce wata shida ya rage mini a duniya. Na dawo Garwa zuciyata wasai. Na faɗa wa liman huɗubarsa barci take sa ni. Na faɗa wa surukina rinin gemunsa bai ruɗi kowa ba. Na bi layinmu gida-gida ina faɗa wa kowa aibinsa, ban tsallake ko mai unguwa ba.

Sai ka zo duba ni, lokacin ka dawo Garwa da zama, ka ɗaga hoton sama, ka kece da dariya.

"Malam, an bar ƙofar a buɗe! Raunanan nan ne suka cika hoton. Koma a sake."

Aka sake. Lafiyata ƙalau.

"Da ka yi shiru," na ce.

"Da ka nuna mini kafin ka buɗe bakinka," ka ce.

Tun daga nan kai kaɗai kake zuwa, duk Juma'a, da gasasshen kifin Binuwai, kana cewa in je in ba mutane haƙuri, ina cewa sai gobe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, har da wannan. Ya ba matarka Hajiya Khaula da yara haƙurin rashinka.

A jana'izarka na ga maza suna rige-rigen ɗaukar makara. Na tsaya a baya ina lissafa masu ɗaukar tawa, ban sami ko ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya ji sallamata a ƙofarsa cikin makon nan, don Allah ya amsa. Ban ce na sauya ra'ayi ba. Mutum huɗu kawai nake nema.