Shekarar da Aka Auna Damatsan Yara

A shekarar da damina ta yi mana gardama, rumbuna suka ƙare tun kafin shuka, wasu ma'aikatan lafiya suka zo garinmu, can wajen Bagwai, da wani ɗan zare mai launi uku. Wai damtsen yara 'yan ƙasa da shekara biyar suke aunawa, su ga 'ya'yan wa yunwa ta fi taɓawa: na manoma, na 'yan kasuwa ko na malamai. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa a ba yaro garin kunu na asibiti.

Mu da muka kwana biyu ba mu yi dariya ba, sai muka samu abin yi. Matan 'yan kasuwa suka iso da yara an shafe su da mai suna ƙyalli, su ala dole su ne kan gaba. Da suka ji ja ne ke da gari, nan take kowacce ta tuna ɗanta bai ci komai ba tun jiya. Matan malamai suka ce nasu yaran albarkar karatu ke riƙe da su, amma dai a auna. Wata tsohuwa ta miƙa nata damtsen, ta rantse ita ma ba ta kai shekara biyar ba. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ni matar manomi ce, lokacin ina da goyo, ga kuma ɗana na fari mai shekara huɗu, wanda ke kwana ɗakin surukata. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta jansa a jiki gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai. Na kuwa san ya rame, ina ganin haƙarƙarinsa ta wutsiyar ido, kuma abin yana cina.

Da ma'aikaciyar da ke awon ta tambaye ni yarana nawa, na ce ɗaya, na kwanto goyo. Haka duk muka yi. Can ta ɗaga kai ta ga tarin yara a gindin dalbejiya, ba wanda ya kawo su. Ta tambaya ko marayu ne. Mata suka kwashe da dariya, kowacce tana rufe fuska da mayafi. Ta ce ita fa ba ta auna yaro sai uwarsa na tsaye, don akwai tambayoyin da uwa kaɗai ke amsawa. Surukata ta jawo nawa yaron ta ce angonta ne, a auna mata shi. Aka sake fashewa. Ma'aikaciyar ta ƙi, ta fara naɗe zarenta.

Raina ya ɓaci, da ita, da matan, da ni kaina. Ban san sanda na miƙe ba.

"Malama, tsaya. Ni na haife shi."

Wuri ya kaure da shewa, wata har da guɗa. Surukata ta kalli ƙasa, ta tura min shi a hankali. Zaren ya tsaya a ja. Ana ta tsokanata wai na zubar da kunya a kasuwa, ni ma ina dariya hawaye na zuba, domin da na kama damtsensa a gaban jama'a, babban yatsana da manuni sun haɗu, har da sauran wuri.