Ranar da Muka Shimfiɗa Tabarmi a Gidan Teku

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Salisu, ɗan Damagaram, Allah ya jiƙansa. Da in na tuna shi dariya nake yi. Bana dariyar ta ƙi zuwa.

A Lyon ta ƙasar Faransa muka haɗu muna ɗalibai, shi yana karatun labarin ƙasa, ni ina ƙwarewa a cin abincin mutane ba gayyata. Aiki ya kai shi wani ƙauye a gaɓar Normandi, can ya yi aure, can aka binne shi. Ƙauyen da in ka yi atishawa a gabas, mutumin yamma ne zai ce maka sannu. Tumaki sun fi jama'a yawa. Salisu kan ce kakannin mutanen ƙauyen wanke yashi suke yi su dafa ruwan su fid da gishiri, kamar mutanen Manga. Sana'ar ta mutu, yaƙin duniya ya bar musu ɗakunan siminti na sojoji a kan tudu, samari suka watse birni. Shi kuwa ɗan Sahel ya zauna yana auna yadda teku ke cin gaɓa, har tsofaffi suka koma tambayarsa labarin ruwansu.

Bana 'yarsa Nana ta kira ni. Ta ce tun binne shi ba a taru an yi masa addu'a a garin ba, kuma tana so maƙwabta su ga mahaifinta yana da dangi, mutanen kirki masu hankali.

Na taso daga Lyon, na biya garin Montreuil na cika mota da mutanenmu, har da limaminmu Alhaji Mamman da tukunyar shinkafar da za ta ciyar da Damagaram kaf. Mun iso azahar ta yi, muka ce mu yi salla kafin mu shiga gida. Muka leƙa gaɓa, teku ya tafi abinsa, sai yashi shimfiɗe iyakar ganin ido.

Alhaji ya ce, "Kai, wannan ai filin Idi ne Allah ya ajiye mana."

Na tuƙa motar har tsakiya. Ku yi mana adalci: a wajenmu in ruwa ya bar gulbi, sai baɗi.

Muna cikin salla na ji sanyi a gwiwa. Ban taɓa jin Alhaji ya gajarta karatu haka ba. Kafin mu sallame takalmanmu sun kama hanyar Ingila, ruwa ya kai ƙofar mota, tukunya tana juyi kamar kwalekwale. Wani dattijo ya shigo da taraktarsa ya ja mu. Duk ƙauyen ya fito kan tudu, sanye da kayan fita da suka saka dominmu, Nana a tsakiyarsu.

Dattijon ya nuna wani allo da muka wuce a bakin hanya, mai gargaɗin dawowar ruwa da Faransanci. Ya ce, "Ku ne mutanen Salisu? Ai shi ne da kansa ya sa aka kafa wancan." Dukanmu muna jin Faransanci, har da mai digirin dokta.

Nakan tambayi kaina me Salisu zai ce. Na san zai yi dariya har ya riƙe ciki. Sannan ya dubi 'yarsa, kuma kallon nan nake tsoro. Shekaru ya yi yana gina sunan da muka jiƙa kafin la'asar.

A rumfar dattijon muka yi addu'ar, wanduna na ɗiga, maƙwabta sun cire huluna. Na ɓuya bayan Alhaji don kada a haɗa ni da mamacin. Allon Salisu wata rana iska za ta kayar, gaɓar da ya auna ruwa zai cinye. Abin da ya bari wanda ba zai lalace ba, ranar na gan shi. Nana ta ratso mutane, ta kamo hannuna mai yashi, ta jawo ni gaba, ta ce da ƙarfi, "Wannan Tonton Hamza ne, ƙanin babana."

Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.